Tsohon keke a ƙasar Tondikandiya

Ƙasar Tondikandiya tana kudu da Filinge, bakin Dallol Boso. Babban garinta Damana. Hanyar Yamai zuwa Filinge ta ratsa ta. Amma in aka sauka daga babbar hanya, sai rairayi da ƙaya.

Nan tsohon keke, Raleigh ko Peugeot, yana da daraja. Shi ke kai wake kasuwa. Shi ke zuwa gidan likita cikin dare. Ran da ya lalace, sai tafiyar ƙasa.

Babban abokin gabansa rairayi ne. Yana shiga sarƙa, ya cinye haƙoran giya. Don haka mai gyara yakan kwance sarƙa, ya wanke ta da kananzir, ya ɗiga mata mai kaɗan. Mai in ya yi yawa, ƙasa yake kamawa. In ƙafa ta karkace, sai ya ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe. Wayar birki kuwa, in ta fara tsinkewa, ba a ƙulla ta. Sabuwa ake sawa, don gangaren dutse ba ya jiran kowa.

Manoma da makiyaya, kada a yar da keken baba. Da tsohuwar zuma ake magani.