Kiɗa da Rawa Ba Sa Hawa Takarda

A darasin waƙar baka an koya mana fitar da turke da tubalan gininsa, da salo da sarrafa harshe. Mukan ɗauko waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ko ta Shata, mu rubuta ta ɗa bayan ɗa, mu feɗe ta. Wannan ilmi ne mai amfani. Sai dai kotso da kalangu ba sa hawa takarda, balle rawa. A kan wannan nake son in ɗan yi tsokaci.

Ni Bura ne daga ƙasar Biu, a Maiduguri na koyi Hausa. Ina da kawu mai kaɗa tsinza, wato katakai ne a jere, kowanne da ƙahon saniya a ƙarƙashinsa don ƙara amo. Da ita ake raka gawar dattijo, ana kuma kaɗa ta a wuraren biki. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya kashe taron dare a ƙauyuka da dama, a 2014 kuwa kawu ya yi gudun hijira zuwa birni. Yaran da suke koyo a hannunsa duk suka watse, tsinzar ta koma rataye a bango.

A 2023 wani malami ya nemi kawu ya riƙa zuwa ranar Asabar yana koya wa ɗalibansa masu nazarin kiɗa tsinza da rawar bansuwe. Kawu ba ya jin Turanci, Hausarsa kuma ba ta nuna ba, don haka na zama tafinta. A ajin akwai Barebari da Shuwa da Margi da Hausawa, Hausa ce kaɗai ta haɗa mu.

Ranar farko kowa ya buɗe littafi yana jiran a ba shi do-re-mi. Kawu ya dubi na gaba ya ce, "Ɗana, rufe littafin nan, ka tuɓe takalmi." Mako uku babu wanda ya taɓa tsinza, sai taku da tafi kawai. A cewarsa, wanda ƙafarsa ba ta ji kiɗa ba, hannunsa ƙarya zai yi. Daga baya sai ya riƙa zaunar da ɗalibi a gabansa, ya kaɗa gaɓa guda, ɗalibin ya maimaita har sai ta zauna. Ni kuwa na sha wuya, domin akwai kalmomin taku da na rasa takwarorinsu a Hausa. Idan na tsaya kame-kame, sai kawu ya miƙe ya taka, nan take kowa ya gane.

Ba kowa ne ya kai ƙarshe ba. Ɗalibar da ta fi kowa iya taku, mahaifinta ya hana ta zuwa, ya ce 'yarsa ba za ta zama maroƙiya ba. Kawu bai yi musu ba, amma ranar bai ci abincin dare ba.

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda ake magana da Faransanci, mai gogen gargajiya yakan zauna a kujera yana goge yana buga ƙafa a kan katako a maimakon ganga. Tun 1916 Marius Barbeau ya shiga ƙauyukansu yana naɗar waƙoƙi, daga baya kuma wata kwaleji a garin Joliette ta sa kiɗan a manhajarta, makaɗa da kansu suke koyarwa. Mu ma a nan, tun ƙarshen shekarun 1980 Raimund Vogels da abokan aikinsa 'yan Borno suka fara naɗar kaɗe-kaɗen jihar. Amma kaset adanawa kawai yake yi, ba ya gyara wa ɗalibi hannu.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, idan Makon Hausa ya zo, kada mu gayyaci makaɗa don nishaɗin manyan baƙi kawai. Mu ba mai kalangu da mai algaita da mai gangar fadar Shehu kujerar malami, mu biya su haƙƙinsu, mu kuma mu zauna a ƙasa. Yawancinsu sun manyanta. Allah ya ba mu ikon karɓa tun suna raye, amin.