Daga Tiga zuwa Bahar Maliya

Tsakanin Kano da teku akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, don haka mu yaran Ɗorayi na farkon shekarun 1980 a bakin manya muka fara jin labarin jirgin ruwa. Kakata ta wajen uba tana cikin waɗanda suka yi aikin hajji ta ƙasa tun kafin jirgin sama ya zama gama-gari. Sun bi ta Maiduguri, suka ratsa Cadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya ana ƙwadago a gonakin auduga, kafin su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. A nan aka loda su a jirgi zuwa Jidda. Abin da take tunawa daga wannan tsallakawa shi ne zafi da cunkoso da amai, da ruwan sha da ake rabawa da awo. In ka tambaye ta yadda teku yake, sai ta ce, "Ɗan nan, wa ya kalle shi? Kowa kansa a sunkuye yana salati."

Akwai kuma wani tsohon malamin makaranta a layinmu da gwamnatin Jihar Arewa ta tura kwas Ingila. Shi nasa labarin da ƙawa yake zuwa. Jirgin ƙasa ya kai shi Ikko, ya shiga jirgin ruwa Aureol na kamfanin Elder Dempster a Apapa, suka yi kusan mako biyu a ruwa, suna yada zango a Gana da Saliyo da Las Palmas kafin Libaful. Yakan kwaikwayi yadda ake sanar da lokacin cin abinci, da yadda ya yi ta fama da cokali mai yatsu yana satar kallon na kusa da shi. A 1974 jirgin ya daina wannan zirga-zirga, jirgin sama ya ƙwace masa kasuwa, amma a bakin Malam kamar jiya ya sauka.

Namu jirgin a Tiga yake, kuma kamfani ne ya kai mu gare shi. Mahaifina a wata masaƙa yake aiki a Sharaɗa. Maƙwabtanmu wasu suna majemun Challawa, ana gane su tun daga nesa da warin fata, wasu kuma suna taka keke har Bompai, inda ake yin alewa da takalman roba da man gyaɗa. Rayuwar unguwa da canjin aiki take tafiya: masu aikin safe suna fita, masu aikin dare suna dawowa da auduga a gira da gashin baki, mata suna hana yara hayaniya don maigida zai yi barci da hantsi. Ƙarshen shekara, idan an ba da bonas, sai ma'aikata su yi karo-karo, kamfani ya ba da bas, a ɗebi iyali a tafi Tiga.

Tun dare Inna take soya kaji ta haɗa dambu. Da safe mu hau titin Zariya, mu wuce Kura da Kadawa, inda ko da rani gonaki kore shar da tumatir da alkama. Baba yakan nuna mana magudanar da ke biye da hanya ya ce, "Wannan ruwan daga inda za mu yake." Gwamna Audu Bako ne ya sa aka tare Kogin Kano, aka fara aikin a 1971 aka gama a 1974, dam ɗin yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A lokacin ba abin da ya dame ni da wannan lissafi. Abin da na sani shi ne bas ta hau wani tudu, sai ga ruwa ya miƙe har inda ido ya gaza, ga otal ɗin Rock Castle a kan dutse, motar kuma ta yi tsit.

Jirgin na katako ne, da injin Yamaha a baya, da wani yaro da aikinsa kawai kwashe ruwa da yankakkiyar jarka. Inna ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, ta yi zamanta a gindin bishiya tana gadin kuloli. Baba ya shiga don kada abokan aikinsa su yi masa dariya. Mutumin da ke cusa hannu cikin injin saƙa yana gudu ya ɗaura zaren da ya tsinke, shi ne na ga ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya riƙe gefen jirgi har jijiyoyin hannunsa suka fito. Da muka yi nisa matuƙin ya kashe inji, ya nuna wani wuri da haɓa ya ce a nan ƙasa gonar mahaifinsa take, kafin ruwa ya tashe su. Ya faɗa ne ba da ɓacin rai ba, don a lokacin ya riga ya zama masunci, kuma karfasar da muka saya a bakin ruwa daga komarsa ta fito.

Babu wanda ya sa rigar kariya, babu ma wanda ya san ana sawa. Sai a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, sannan na tuna yawanmu a cikin wancan jirgi na Tiga, jikina ya yi sanyi.

Ban sake shiga ruwa ba sai da furfura ta fito. Tun wajen 2021 manyan jiragen yawon shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda, ɗana da ke aiki a can ya matsa sai mun shiga bayan mun gama umara. Na ce masa almubazzaranci ne. Ya ce, "Abba, an riga an biya." To, tunda an riga an biya.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka wani dogon bene ne aka gina a bakin tashar. Namu ma ba ya cikin na gaba-gaba. Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miyami a 2024 tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Shiga kamar ta filin jirgin sama ce, da fasfo da bincike, kuma mai fasfon Najeriya ya tabbatar da bizar kowace ƙasa da za a tsaya tun kafin ya biya ko kwabo. Kayanka za a karɓe, sai dai ka tarar da su a ƙofar ɗaki. Za a ba ka kati ɗaya, shi ne makulli, shi ne shaidarka, shi ne kuma lalitarka, don ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki. A nan ake yi wa mutum sakiyar da ba ruwa. Abinci dai yana cikin kuɗin tikiti, a ci a ƙara ba mai harara, amma lemon kwalba da intanet da motar da za ta kai ka yawo idan an sauka duk daban ne, ga tukuicin ma'aikata da ake cira kullum ko ka sani ko ba ka sani ba. Hannu ba ya jin fitar kuɗi sai ranar sauka, da aka turo takardar lissafi.

Kafin a tashi sai an nuna wa kowa inda zai taru idan wani abu ya faru, da yadda ake ɗaura rigar kariya. An tsananta wannan ne bayan Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu. Wasu fasinjoji suna ta tsaki an ɓata musu lokaci. Ni kam na saurara har ƙarshe, na kuma sa ɗana ya sake gwada mini ɗaurin.

Ɗakinmu na masu rangwame ne, ba taga, don haka dare da rana duk ɗaya, sallar asuba sai da ƙararrawar waya. Alƙibla ita ce aiki. Jirgi yana juyawa ba ka ji ba, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar, ga manhajar waya tana rikicewa saboda ƙarfe ya kewaye ta. Sai na koma hawa sama in duba rana, in yi ƙasaru a wani lungu inda iska ba ta ɗaga darduma. Tangaɗi kuwa da kyar ake ji, saboda jirgin yana da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu daidaita shi. Wannan dai tekun ne ya wahalar da kakata, ga ni a kansa da kofin shayi ko ɗigo bai zuba ba. Abu ɗaya ne ba sassauci a kansa, wato lokaci. Da muka tsaya a Aƙaba ta Jodan aka ce kowa ya dawo ƙarfe kaza, ƙarfe kazan ake nufi. Jirgi ba ya jiran mai cewa ga ni nan tafe, wanda ya makara sai ya nemi hanyar da zai tarar da shi a zango na gaba, da kuɗin aljihunsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙofa ce da aka rubuta ta ma'aikata ce kawai. Wata rana an bar ta a buɗe, na leƙa: ba darduma, ba ado, doguwar hanya ce ta ƙarfe da bututu a sama, mutane cikin kayan aiki suna tura kekunan zannuwa, ga ƙugin inji daga ƙasa. Nan take na gane wurin, masana'anta ce mai aikin safe da na dare, otal ɗin a kanta aka ɗora shi. Akasarin ma'aikatan daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, kwantiragin wata shida zuwa tara, ba ranar hutu. Mai gyara mana ɗaki Musulmi ne daga tsibirin Jawa, kullum da sallama yake shigowa. Ya nuna mini hoton 'yarsa da aka haifa yana ruwa, bai taɓa ɗaukarta ba. Hannunsa ya yi fari da sinadarin wanki, yana kuma taka ƙasa da gefen ƙafa, irin takun wanda ya wuni a tsaye. Daga ranar na daina barin tawul a ƙasa.

A Kano kuwa, zuwa Tiga a bas ɗin kamfani bai ɗore ba bayan 1986, lokacin da tsarin SAP ya karya darajar naira. Kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ta zama sai an ga dama, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Aka fara da rage aikin dare, sannan sallamar ma'aikata, sannan kwaɗo a ƙofa. Yawancin gine-ginen suna nan a Sharaɗa da Bompai, wasu sun koma sito. Otal ɗin Bagauda, inda manyan ma'aikata ke kai iyalinsu, ya zama makarantar horar da lauyoyi.

Da na dawo na je gaishe da wani abokin aikin mahaifina a majalisarsu ta Ɗorayi Babba, ɗaya daga cikin waɗanda muka shiga jirgin Tiga tare. Na ba su labarin abinci da wurin iyo da gidan wasa, ba wanda ya motsa. Da na zo kan ƙofar nan da abin da ke bayanta sai tsohon ya gyara zama, ya ajiye carbi.

"Tsaya, ɗana. Awa nawa suke yi a rana?"

Na ce, "Baba, goma, wani lokaci sha biyu."

"Da obataim ko babu? Kuma ba sa ɗaukar Bahaushe ne? Ina da jikoki uku a gida, duk da takardunsu."