Babbar Tagar Temple Bar

Har yau ina mamakin yaron nan da ke zuwa gidan hotuna na unguwar Temple Bar kowace Asabar, sanye da jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo mai warin kafur, da ɗan alabensa na fata da ya taho da shi daga Zariya, wanda akwai wani tsohon sisi a kusurwarsa da shi kansa bai san dalilin ajiye shi ba. Karatun harhaɗa magunguna ya kai shi Dublin. Me ya haɗa shi da hoto? Ni ne dai, amma da ƙyar nake gane shi.

Sanyi ne ya fara kora ni ciki. Shiga kyauta ce, akwai ɗumi, ba mai tambayarka abin da ya kawo ka. Kana tsallako gadar Ha'penny iska za ta kwaso maka ƙaurin sha'irin da ake gasawa a masana'antar Guinness, tsuntsayen teku na ta kururuwa a kan kogin Liffey, ka kutsa ta wani ɗan soro, ka bi lungu mai daɓen duwatsu da ruwan sama ya mayar santsi, sai ga ka a dandalin Meeting House, inda aka kasa cuku da burodi da tuffa, ƙamshin gahawa ya cika ko'ina. Ginin na nan gefe, siriri, na farin dutse, da ƙatuwar taga ɗaya a goshinsa.

Tagar ce ta riƙe ni. Sheila O'Donnell da mijinta John Tuomey ne suka zana ginin, su ne kuma suka zana na jan bulon da ke fuskantarsa, inda ake adana tsofaffin hotunan ƙasar Ayilan. Da rani, idan duhu ya shiga, kuma duhun ranin can ba ya shiga sai wajen ƙarfe goma, sai a hasko fim daga ginin jan bulon ya faɗa a fuskar farin, jama'a na zaune tsakiya sun lulluɓe gwiwa da bargo, tamkar majigin da ake kawo mana ƙofar fada muna yara. Ni daga baya nake tsayawa, hannu cikin aljihu.

Wani dattijo da muke yawan haɗuwa a matakala, mai warin taba da jiƙaƙƙen ulu, shi ya ba ni labarin unguwar. Kamfanin sufuri na CIÉ ya yi ta sayen gidajen don ya rushe ya gina tashar bas, kafin lokacin rusau ya zo ya ba da su haya da araha, masu zane da mawaƙa suka cika su suka ƙi tashi. A 1991 wasu ƙananan ofisoshin zanen gini takwas suka haɗa kai da sunan Group 91, suka ci gasar sake fasalin wurin. Cikinsu har da Yvonne Farrell da Shelley McNamara na ofishin Grafton, waɗanda a 2020 na ji a rediyo an ba su lambar Pritzker, na yi ta murna ni kaɗai sai ka ce 'yan gidanmu ne.

Amma a ginin jan bulon na fi daɗewa. Can ne tarin hotunan da ake kira na Lawrence yake, dodon hoto na gilashi wajen 40,000 da aka ɗauka tsakanin 1870 da 1914, akasarinsu aikin wani Robert French. Ɗakunan jinka da aka shafe da farar ƙasa, tsohuwa da mayafi a bakin ƙofa, jaki da mangala, tulin baƙar ƙasar da suke haƙowa daga fadama su yi makamashi da ita. Na kan kai hancina dab da gilashi har ya yi raɓa, ina bin yadda aka jera duwatsun katanga ba laka, ina mamakin mutumin da ya ɗauko akwatin kyamara mai nauyi ya yi doguwar tafiya don ya ɗauki bango. A wurinmu mai hoto labule yake ratayawa ya rufe bangon, ya zaunar da kai gabansa da furen roba. Na girma ina wuce masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ban taɓa ɗaga kai na dubi bakan gizonsa da kyau ba. Gidan kakanmu ma, da azararsa da zankwayensa da indararonsa da ƙamshin makuba bayan ruwan farko, ba wanda ya taɓa nuna shi da kyamara.

Hotunan sababbin gine-gine kuwa, da ake bajewa a gidajen baje koli da mujallu, sai na ga an share mutane daga cikinsu sarai, ba ko tabarmar ƙofa, ba kofin shayi a kan tebur. Har yau ban yarda da wannan ɗabi'a ba. Da na je Cork na ga gidan baje koli na Glucksman, wanda O'Donnell da Tuomey suka gama a 2004, an ɗaga shi sama tsakanin bishiyoyi a bakin kogin Lee an lulluɓe shi da katako, abin da ya zauna mini shi ne ƙarar takalman ɗalibai a matakala da ƙamshin jiƙaƙƙen itace, kuma ba hoton da ya gaya mini wannan. A 2009 kogin ya yi ambaliya ya cika masa ɗakin ƙasa.

Daga ƙarshe na tara kuɗin wanke-wanken da nake yi a wani gidan abinci na sayi tsohuwar kyamara mai fim, mai igiyar fata da ta sha hannu. Na ƙarar da fim ɗin farko kan bulo, da bututun hayaƙi, da ƙofofi masu launi, da tsatsar makaran gada, na wanke, na zuba a ambulan na aika gida ina jin kaina wani gwani. Amsa ta zo da rubutun ƙanena, amma maganar ta Inna ce: "Mun ga katangu, Allah ya yi albarka. To kai kana ina?"