Rawanin Aro

Akwai wani yaro a ajina, nan Taura, wanda 'yan ajin suka laƙaba wa suna Bebe, domin shekara guda cur ban taɓa jin ya amsa tambaya ba. Da muka ɗauko Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga tun 1949, sai aka rasa mutum ɗaya, na ce ya fito. Ba wata hikima na yi ba, cike gurbi ne kawai.

Ana naɗa masa rawanin aro sai ga murya, har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo ta taga. Ashe yaron nan shi ke jagorantar tashe a unguwarsu kowane azumi. Bulalata ce ta ɗaure masa harshe, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Washegari mahaifinsa ya iso, fuska a murtuke.

"Malam, karatu na kawo shi ko wasa?"

Na miƙa wa yaron littafin, ya karanta shafi biyu bai yi tuntuɓe ba. Dattijon ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "To, ya yi. Amma ban da ranar kasuwar Gujungu."