Kome Ƙanƙantar Allura

Motar da mahaifinmu ya bar mana tsohuwa ce, 'yar Kwatano, amma ita ce gonarmu a birnin Ibadan. Mu biyu muke karɓa-karɓa da ita. Wanda ba shi da lacca shi zai fita kabu-kabu, abin da aka samu a kai wa Inna na cefane, sauran a tara na makaranta.

Ba a daɗe da janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ba, sai motar ta tsiri wata ɗabi'a. Ga shan mai kamar raƙumin da ya kwana bakwai bai ga rijiya ba, ga baƙin hayaƙi, fankar lagireto kuma ta daina tashi. Bakaniken da muka kai wa ya ce sai an sauke inji, ya yanka mana kuɗin da ya zarce na zangon karatu guda. A daren nan har maganar sayar da ita muka yi, Inna tana jinmu ba ta ce uffan ba.

Matambayi ba ya ɓata. Wani abokinmu ɗalibin injiniya ya nuna mana wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi, a kusa da inda babban tiyon lagireto yake shiga inji. Sensar zafin ruwa ke nan. Aikinta ta riƙa shaida wa kwamfutar mota zafin inji, domin inji mai sanyi ya fi buƙatar mai. Lafiyayya takan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a kan mita idan da sanyi, ta sauko wajen 300 idan ruwa ya kai digiri 80. Tamu kuwa ko gezau. Ashe inji yana tafasa, ita tana ta rantsuwa cewa hunturu ake yi, kwamfuta kuma ta gaskata ta, tana ta ɗura mai.

Muka sayo sabuwa a kasuwar kayan mota ta Agodi. Da asubar Asabar, bayan inji ya kwana ya huce, muka buɗe bonet. An gargaɗe mu kada mu kuskura mu taɓa murfin lagireto da zafi, don ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 100. Muka cire wayar batir, muka tsiyaye ruwa kaɗan a roba, muka kawar da shi daga inda akuyar maƙwabta take, domin yana da zaƙi amma guba ne. Muka zare soket, muka kwance tsohuwar da sifana. Sabuwar da hannu muka fara ɗaura ta, sa'an nan muka ƙara mata sifana kaɗan, gudun kada zare ya lalace. Muka mayar da ruwa da wayoyi, muka tayar da mota, muka jira iskar da ta maƙale ta fice.

Can sai fanka ta ɗauka. Inna da ke tsaye a bakin zaure ta juya ciki tana share ido da gefen mayafi.

Tsohuwar sensar tana nan a kan teburin karatunmu, kusa da ƙamus. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma saura ƙiris ta raba mu da makaranta. Tun daga ranar, idan aka kawo mana labari, kafin mu ɗauki mataki sai mun fara auna wanda ya kawo shi.