Bindigar Toka Sau Ɗaya Take Magana

Maharbin da ke riƙe da bindigar toka tun wajen ɗuri yake gama harbinsa. Idan zabbin daji suka tashi, abin da ka zuba a bututu shi zai fita, babu gyara babu ƙari, kuma kafin ka sake ɗurawa sun haye tudu. Na tsufa a kan wannan sana'a tsakanin ƙasar Kurfi ta Maraɗin Katsina da ƙasar Dutsin-Ma ta 'Yandaka, kuma yawancin abin da na sani game da zaman duniya a bakin bindigar nan na tsince shi.

Farauta a wajenmu gado ce. Ko garin Dutsin-Ma kansa, labarin da muka taras shi ne wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kan dutsen. Muna yara, da an kawar da amfanin gona sai manya su nausa yamma, ta Safana, su faɗa dajin Rugu, su dawo da gada da barewa da gadu. Mu na kusa da gida kuwa zomo da makwarwa da hasbiya suka ishe mu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, sai tsuntsayen ruwa suka ƙaru mana, kirinjijiya da dinya. Bindigar da muke riƙewa asalinta ta bakin teku ta shigo, hannun fataken Turawa, har maƙeranmu suka iya ƙera ta, suka ɗora bututu a kan ƙotar itace.

Wajen kawuna na koya. Na daɗe ina ɗaukar masa jaka da ƙahon albarushi kafin ya yarda in taɓa kunamar bindiga. Har yanzu ina ganin yadda yake ɗuri. Sai ya kafa gindin bindiga a ƙasa, ya karkata bakinta nesa da fuskarsa. Ya zare sandar ɗuri ya zura ta. A jikin sandar akwai tsaga da ya yi da wuƙa: idan tsagar ta zo daidai bakin bututu, babu komai a ciki, idan ta tsaya sama, akwai tsohon ɗuri. Ko shi ya harba ta jiya da hannunsa, sai ya gwada.

Daga nan ya tsiyaya albarushi daga ƙaho zuwa ɗan ma'auninsa, ya share kansa da yatsa, sannan ya juye. Bai taɓa kafa ƙaho a bakin bindiga ba, domin idan akwai sauran garwashi a ciki daga harbin baya, wuta za ta biyo albarushin ta tarar da ƙahon a hannunsa. Sai ya yagi tsumma, ya dunƙule shi daidai faɗin bututu, ya tura, ya daka har sanda ta riƙa tsalle. Sannan harsashi, da wannan ma'aunin dai, cikinsa ɗaya. Sannan wani ɗan ƙyalle mara kauri a sama, ya danna shi a hankali. Abin da kunama ke sara ya ba da wuta kuwa, shi ne na ƙarshe, sai an isa inda za a yi harbi.

Wata rana na tambaye shi, "Kawu, me ya sa tsumman ƙasa kake dakansa, na sama kuwa lallaɓa shi kake yi?"

Ya ce, "Ɗana, na ƙasa shi ke tare ƙarfin wuta ya tura harsashi gaba ɗaya. In ya yi sako-sako, ƙarfin ya sulale ta gefe, ka ji ƙara babu nama. Na sama aikinsa kawai ya hana dalma zubewa in ka sunkuyar da baki. In ka cika masa kauri, shi zai tarwatsa maka harsashi, tsuntsu ya wuce ta tsakiya."

Ya kan ɗan shafa wa tsumman ƙasa kitse. Busasshen tsumma yana fita da wuta a jikinsa, kuma a watannin hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, wannan ɗan tsumman ya isa ya cinye dajin gari guda har da karan mutane.

Harsashi ma kowane nama da nasa. Kurciya da makwarwa ƙananan ƙwayoyin dalma suke so, masu yawa, waɗanda za su bazu. Zabo da dinya gashinsu da kauri, sai waɗanda suka ɗara. Gada da gadu sai manya, 'yan kaɗan. Wanda ya harbi gada da harsashin tsuntsu ya zalunce ta: za ta gudu da rauni ta je ta mutu a wani kwazazzabo mushe, ba a yanka ba, ba a ci ba, ga alhaki. Wanda ya harbi kurciya da na gadu, ko ya same ta gashi zai tsinta. Masu cusa guntayen ƙusa da yankakken ƙarfe kuwa cikin bututunsu suke kankarewa, suna rage masa kwana.

Babbar cutar masu bindigar toka ita ce ƙari. Yaro ya ga ya yi kuskuren harbi, sai ya ɗauka albarushi ne bai isa ba, ya ninka. Alhali yawan albarushi watsa harsashi yake yi, ya doki kafaɗa, nama ya tsira. In aka matsa, bututu ya tsage. Haka in aka bar rata tsakanin albarushi da abin da ke samansa, ko aka ɗura a kan tsohon ɗuri, ko aka farke harsashin bindigar zamani aka juye garinsa a ta toka, wadda ba a ƙera ta don ta ɗauke shi ba. Na ga saurayi a wani ƙauye kusa da mu, ana shirin bikin sallah, yana son tasa ta fi ta kowa ƙara. Ya zuba, ya ƙara, abokansa na zuga shi. Yau da yatsu biyu yake riƙe fartanya a hannun hagu. Bindigar da aka cika wa ciki mai ita take fara ci.

Da damina wani darasin ne. Albarushi na shan raɓa, sai ka ja kunama ka ji shiru. Nan ake gane wanda aka koya wa. Mai haƙuri zai ci gaba da nuna bakinta inda babu kowa, ya jira, domin wutar tana iya kasancewa tana tafiya a hankali. Mai gaggawa ya juyo ta ya leƙa. Kuma in an dawo gida, ko an samo ko ba a samo ba, sai an wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafa mai, don tokar da ta rage tana jawo tsatsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da girma ya zo aka fara kirana sulhu, na gado da na kan iyakar gona da na aure, sai na tarar magana ma haka take. Sau ɗaya take fita. Kafin ka buɗe baki, duba ko akwai tsohon fushi a cikinka, kada ka ɗora sabo a kansa. Auna wanda za ka yi wa: faɗan da za ka yi wa ƙato ba shi za ka yi wa yaro ko matarka ba. Kada ka ƙara don mutane su ji ƙara. In ka yi nasiha ka ji shiru, jira, wata kila tana tafiya a cikin zuciyar mai ita. Yawancin gidajen da na ga sun watse, gaskiya aka faɗa a cikinsu, amma an zarce awo.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne hannun da bindigar ta koma. Ɓarayin daji sun raba mu da Rugu, sun hana mutane gonakinsu na nesa, har gwamnatin jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. A ƙauyuka, samari da ba su taɓa ɗaukar wa wani jaka ba sun rataya bindigar toka suna sintirin dare. Ban ga laifin wanda ya tashi kare iyayensa ba. Amma a tsorace suke ɗurawa, a fusace, cikin duhu. Suna jingine ta a ɗure a zaure inda yara ke wasa. Suna jin motsi su saki wuta, alhali kawuna bai taɓa barin mu harbi abin da ba mu ga kansa da ƙafarsa ba, domin motsin ciyawa yana iya zama makiyayi ko mai neman itace.

Don haka kirana ga sauran tsofaffin maharba na Kurfi da Birchi da Rawayau da Karofi, da Sarakunan Baka: kada mu tafi kabari da abin da muka sani. Mu zaunar da yaran nan, da sanin dagaci da hukuma. Kowa ya yi wa sandarsa tsaga, kowa ya mallaki ma'auninsa, kowa ya koyi riƙe yatsarsa har sai ya tabbatar da abin da ke gabansa. Jinin mutum ɗaya da aka zubar bisa kuskure ya fi ƙarfin duk abin da za mu iya biya. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa mu gama da duniya hannunmu babu alhakin kowa.