Wayon da Ake Yabo da Wayon da Ake Tsoro

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a sakandare, kalmar "cunning" na cikin waɗanda suka fi rikita ɗalibaina. Sun ji an ce ma'anarta wayo, a gida kuwa in an ce yaro ya yi wayo, ana nufin ya fara hankali. Sai ka ga yaro ya rubuta insha'i kan mahaifinsa, ya jera masa kirari, ya ɗora wannan kalma a kai yana ganin ya gama yabo. Alhali a kunnen Bature cewa ya yi uban nasa mayaudari ne, mai biyan buƙatarsa ta bayan fage.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne asalin kalmar ba na zagi ba ne. Daga tsohuwar kalmar "cunnan" ta fito, wato sani, tushensu ɗaya da "can". A fassarar Baibul da aka yi a Ingila a 1611, zamanin Sarki James, da ita ake kiran gwanayen masu aikin hannu. Sannu a hankali ma'anar ta lalace, don mutane sun sha ganin masu sani suna cutar marasa sani. Haka "crafty" ta faro daga gwanintar sana'a ta ƙare a makirci. Namu wayon ma da ya shiga Turancin buroka, zamba ya koma.

Shi ya sa nake ba yara misalai biyu. Ga tela da aka kawo masa yadi ɗan kaɗan, ya juya shi ya auna, ya fitar da riga da wando har da aljihu: wannan "clever" ne ko "skilful". Ga kuma mai awon hatsi da ya bugi gindin mudunsa ya lotsa ciki, yana cika maka shi har da tozo yana murmushi: wannan shi ne "cunning". Dukansu sun yi amfani da basira, amma ɗaya ne kawai zai yarda ka ga yadda ya yi.

Darasin da na ɗauka ya wuce aji. Duk dabarar da ba za ka iya bayyana ta a gaban wanda ta shafa ba, cuta ce. Kuma mutane ba sa mantawa: ranar da suka gane ka, ko gaskiya ka faɗa sai sun bincika.